Ranar da 'Yan Lemon Zuba Suka Tsare Ni

Ko tsufa ya zo yana kwashe mini abubuwan da ke kaina ɗaya bayan ɗaya, na tabbata ranar da 'yan lemo suka zaunar da ni a kan buhu a kasuwar Zuba ba za ta fita ba. Ko da ma na yi niyyar mantawa, matata tana nan da ranta da lafiyarta, kuma ba ta barin baƙo ya gama shan ruwa a gidanmu ba ta ba shi labarin ba. Gara in bayar da bakina, don a nata bakin har kuka na yi, ni kuwa na san gumi ne.

A lokacin ni shugaban aji ne a wani ƙaramin cocin Metodis da ke gefen Kubwa. A tsarinmu kowane mamba yana cikin wani aji, kuma shugaban ajin ne ake sa ran ya san wanda ba shi da lafiya, da wanda ya daina zuwa, da wanda aka yi wa haihuwa. Lida ake kiran mu. Ni dai sunan ya yi mini daɗi ƙwarai. Ga ni ma'aikacin gwamnati mai ɗan tumbi da mota mai sanyi, in aka ce "Lida, ina kwana" sai in ji wuyana ya ƙara tsawo.

A shekarar ce Rabaran ya dawo daga wani taron horaswa da maganar kare yara da manya masu rauni. Aka naɗa wata malamar firamare, siririya marar hayaniya, ta riƙa lura da wannan sha'ani. Dokokin ba su da wuya. Ƙofar ajin yara na Lahadi a buɗe za ta zauna. Babba ba zai keɓe da yaro shi kaɗai ba. Kuma ba mai ɗaukar yaro a mota, ko tsohon da hankalinsa ya fara rauni, sai da mutum na biyu, sai kuma an gaya wa danginsa. Da aka kawo maganar a taron shugabanni, ni na fi kowa tafi. Har jawabi na yi, na ce duniya ta lalace, dole mu sa ido. Abin da ban faɗa ba, don ban ma san yana raina ba, shi ne a ganina wasu ne za a sa wa idon. Ni ina cikin masu idon.

A ajina akwai wani tsoho da kowa ke kira Baba. Mutumin Binuwai ne, tsohon direban babbar mota, ya daɗe yana ɗauko lemo zuwa wannan yanki kafin ƙarfi ya ƙare. 'Yarsa, wadda nas ce a wani asibiti, ita ta ɗauko shi daga ƙauye ya dawo wurinta, ita ce kuma take kawo shi coci. An gaya mini yana mantuwa. Amma in ka gaishe shi zai amsa tsaf, ya tambaye ka iyali, ya tambaye ka aiki, ya sa maka albarka. Sai na yanke wa kaina hukunci, ni da ban taɓa leƙa ajin likitanci ba, cewa 'yar ce take zuzuta abin. Gidansu kuwa kullum ina cewa sati mai zuwa zan je.

Abin ya faru ne ran Lahadin godiyar girbi, wadda muke kira habes. Ranar ba ta wasa ba ce a wurinmu. Gaban bagade ya cika da doya da ayaba da kwandunan lemo, ga kaji a ɗaure, ga wata akuya da ta yi ta amsa wa Rabaran wa'azi. Kowa ya sha anko, yadi ɗaya shuɗi mai zanen zangarniyar dawa. Ni babbar riga na ɗinka da shi, har da hula, ga sabon takalmi da ke matse mini ɗan yatsa. Sujada ta yi tsawo kamar yadda ta saba, da aka tashi kuma aka fita fili don ci da sha.

Ina ratsa mutane ina karɓar gaisuwa sai na hangi Baba a tsaye bakin get, riƙe da lemo ɗaya yana shinshinawa. 'Yarsa tana can wajen tukwane tare da matan zumunta suna zuba shinkafa.

Na ce, "Baba, lafiya kake tsaye a rana?"

Ya ce, "Gida zan tafi, ɗana. Na gaji. Mota nake jira."

"Ina ne gidan?"

"Zuba mana. Bayan kasuwa kaɗan."

Ba zan ce dokar ba ta faɗo mini a rai ba. Ta faɗo. Na waiga na ga malamar can tana fama da layin yara masu neman abinci. Na ce a raina, yanzu don in kai tsoho gida sai na nemi ɗan rakiya kamar amarya? Ni fa Lida ne, kuma ɗan ajina ne. Kafin a gama rabon shinkafa na dawo. Ban gaya wa kowa ba, har ma ina jin wani irin tsarki a jikina, wai ga mai aikin alheri a ɓoye. Na buɗe masa ƙofa, na ɗaura masa bel, muka hau babban titi.

A hanya Baba ya farfaɗo. Muna wuce Dei-Dei yana nuna mini inda a da daji ne, da inda motarsa ta taɓa mutuwa da kaya, yana ce mini in sa giya, ina kashe injin da wannan tuƙi na 'yan ofis. Ni kuwa ina dariya ina gyaɗa kai. Na ce ka ji mutumin da ake cewa yana mantuwa, ya fi ni sanin hanya. Har na fara shirya yadda zan ja wa 'yarsa kunne a hankali, in ce ta daina mayar da mahaifinta yaro.

Da muka isa Zuba ya ce in shiga dama, na shiga. Ya ce in miƙe, na miƙe. Sai ga mu a tsakiyar kasuwar kayan marmari, manyan motoci gaba da baya, masu baro suna dukan bayan motata suna cewa oga ka matsa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa duk caɓi da ruɓaɓɓen ɓawo. Baba ya nuna wata rumfar kankana ya ce nan ne layin gidan. Babu layi, babu gida. Ya sake nuna wani wuri, nan ma tsibin abarba ne. Na samu gefe na tsaya, na ce, "Baba, zauna nan, bari in tambaya." Na fita na je wajen wani mai shayi ina tambayar ko akwai gidaje a bayan kasuwa. Maganar ba ta yi tsawo ba. Da na juyo, ƙofar mota a buɗe, bel yana lilo, babu Baba.

Wanda bai taɓa ganin mai tumbi yana gudu cikin babbar riga a caɓin Zuba ba, bai ga abin kallo ba. Na bi wannan layi, na bi wancan, ina kiran "Baba! Baba!" tsofaffi wajen biyar suna amsawa. Santsi ya ɗebe ni na dafa ƙasa da hannu biyu, hula ta faɗa kwata, ban ko waiwaye ta ba. Amma dariyar yanzu ce, a lokacin tsoro ne zalla. Ina jin ƙarar tireloli a titin Kaduna can gefe, ina ganin motoci suna ja da baya ba mai duba ƙasa, ina tuna cewa tsohon nan ba shi da waya, kuma duk duniya ni kaɗai na san inda na kawo shi. In wani abu ya same shi, da wane baki zan gaya wa 'yarsa?

Can wajen masu sauke lemo na hango shuɗin yadi. Baba ne a zaune kan benci a inuwa, an ɓare masa lemo yana sha, 'yan kasuwa sun kewaye shi. Daga baya na ji cewa sun same shi ne tsaye daf da bayan wata babbar mota da ke ja da baya, yana ɗaga hannu yana cewa direba ya taho, ya taho. Wani mai ɗaukar kaya ne ya fizge shi.

Daɗi ya kama ni. Na kutsa cikin mutane na kama hannunsa na ce, "Baba, ka ba ni tsoro! Tashi mu tafi."

Ya dube ni tun daga kai har takalmi, ya zare hannunsa, ya ce, "Kai wane ne?"

Wani dattijo mai farin gemu da ke zaune kusa da shi, wanda na fahimci shi ne babba a wannan layi, ya ajiye wuƙar ɓare lemo ya ce, "Malam, sassauta. Baba, ka san wannan bawan Allah?"

"Ban taɓa ganin shi ba," in ji Baba.

Mutumin da muka yi ta hira da shi tun daga Kubwa! Na yi 'yar dariyar manya, na ce ai tsufa ne, tare muke, cocinmu ɗaya, ni ne shugaban ajinsu. Na zaro katin ofis na miƙa. Dattijo ya juya shi gaba da baya ya mayar mini.

Ya ce, "Yallaɓai, katin nan ya ce kai ma'aikaci ne. Bai ce tsohon nan naka ba ne. Ina gidansu?"

Na buɗe baki. Zuba ce kawai a bakin, kuma a Zubar muke tsaye. Na rufe.

"To wa yake zaune da shi?"

"'Yarsa."

"Kira ta."

Ba ni da lambarta. Shugaban aji guda. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da kan zo wa mutum in ya rikice. Na kama bakin rigata na kara da ta Baba, na ce, "Ku duba mana! Anko ne, yadinmu ɗaya!"

Wani daga baya ya ce, "Oga, yadi ai a kasuwa ake sayarwa."

Baba kuma ya sunkuya ya ƙare wa rigar kallo, ya ɗago da mamaki ya ce, "Ya ma sa kayana."

Wasu suka fashe da dariya, amma ba kowa ba. Na ji an ce ɗan wan cans ne, irin masu ɗaukar mutane a mota su yi gaba da su. Na ji an ce ai da kaya masu kyau suke zuwa. Da'irar ta fara matsewa, kuma duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da kalma ɗaya take iya jawowa a kasuwa. Dattijon ne ya ɗaga hannu ya ce kada wanda ya taɓa ni. Ya ce ba su ce ni mugu ne ba, ba su kuma ce ni na kirki ne ba, ba su san ni ba ne kawai. Tsohon nan ba zai iya faɗa wa kansa magana ba, don haka ba za su miƙa shi ga kowa ba sai nasa ya zo, in ba wanda ya zo kuma, ofishin 'yan sanda za a kai mu mu biyu. Ya nuna mini wani buhun lemo ya ce in zauna. Na zauna.

Na kira Rabaran, bai ɗauka ba. Na kira matata. Tana ɗauka ta hau ni da faɗa, ina jin hayaniya a bayanta.

"Baban yara, kana ina? Baba ya ɓata! An bar abinci, an duba banɗaki, an duba kwalbati, samari sun bazu unguwa, 'yarsa tana nan tana kuka. Kai kuma Lidansu ba a gan ka ba!"

Na ce, a hankali yadda 'yan lemo ba za su ji ba, "Yana wurina."

Sai ta ɗaga murya.

"Yana ina?"

"Muna Zuba. Gida na kawo shi."

"Zuba? A Dutse fa suke, hanyar Bwari!"

Sauran abin da ta faɗa ba na rubutawa ba ne, ranar Lahadi ce kuma.

Jiran da na yi a kan buhun nan ya ishe ni karatu. Lemo yana tokare ni ta ƙasa, caɓi yana bushewa a rigata, masu wucewa suna tsayawa su tambayi me na yi. Baba kuwa yana ta hira da dattijo a kan lemon Binuwai, wane ne mai zaƙi, wane ne ke jure tafiya, ba ya ko kallon inda nake. Da aka kira sallar la'asar sai na lura da wani abu. Ba su tashi gaba ɗaya ba. Wasu suka tafi, mutum biyu suka zauna, da waɗancan suka dawo sannan su ma suka je. Ko sau ɗaya ba a bar ni da Baba mu kaɗai ba. Ba su halarci taron horaswa ba, ba wanda ya yi musu jawabi, ni mai jawabin ga ni a kan buhu.

Daga ƙarshe motar Rabaran ta iso, da shi da 'yar Baba da malamar nan. 'Yar ba ta ko gan ni ba. Ta durƙusa a cikin caɓin da ankonta, ta kama ƙafafun mahaifinta tana dubawa, ta duba hannuwansa, ta shafa kansa.

Dattijo ya ce, "Baba, wannan fa?"

Baba ya daɗe yana kallon ta. Na ga yana neman sunan, sunan ya ƙi zuwa. Sai ya ɗora hannu a kafaɗarta ya ce, "Wannan tawa ce."

Duk da haka sai da dattijon ya ga hotunansu tare a wayarta kafin ya ce to, Alhamdulillahi, a tafi da shi. Ya juyo gare ni ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri da mu." Na ce ni ne da godiya, kuma har cikin raina na faɗa. Malamar kuwa ruwan leda kawai ta miƙo mini ta ce in wanke hannu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauka abin ya ƙare a nan, saura tsiyar da za a yi ta yi mini, wadda kuwa aka yi. Amma Lahadi ta zagayo, kujerar Baba ba kowa. Wata ta sake zagayowa, haka. Har aka yi Kirsimeti bai zo ba. Sai na roƙi malamar ta raka ni gidansu, wanda a ranar na fara sanin ƙofarsa. Muka same shi a falo, ya yi wanka ya sa takalmi, yana zaune yana fuskantar ƙofa. 'Yar ta ce haka yake yi kusan kullum, wai jira yake a tafi sujada. Na fara jero ban haƙuri, ta tare ni.

Ta ce, "Lida, ba fushi nake yi ba, Allah ya sani. Tsoro nake ji. In ina duti, kulle get nake yi in bar shi da maƙwabciya, hankalina rabi a asibiti rabi a gida. Coci ne kaɗai wurin da nake iya juya baya in yi numfashi, don an ce ba mai fita da shi ban sani ba. Yanzu in na juya baya, wa zan yarda da shi?"

A nan ne na gane abin da na ɗauka a motata ran nan ba tsoho kaɗai ba ne. Na raba shi da wuri ɗaya da yake fita ya ga mutane, na raba ta da hutun da take samu sau ɗaya a mako. Kuma ba da mugunta na yi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don da mugu ne ni da an san yadda za a yi da ni.

Malamar ce ta gyara abin, a hankali, kamar yadda take komai. Ta sa kowane shugaban aji ya je ya ga gidan tsofaffinsa da idonsa, ya san wanda zai kira. Aka sa mutum biyu a bakin get har a watse. Ta yi ta zuwa wurin 'yar har ta yarda Baba ya dawo. Da aka zo neman wanda zai riƙa ɗauko shi ranakun da za ta tafi aiki, na ɗaga hannu, matata ta rufe fuska da gyale. Aka ba ni, da sharaɗin wani dattijon ajinmu zai riƙa zama da shi a baya.

Haka muka yi ta yi har Allah ya ɗauki ransa. Kuma duk ranar da na tsaya a ƙofar gidansu, 'yar takan fito ta gaishe ni da fara'a, sannan ta sunkuya ta leƙa kujerar baya. Sai ta ga mutum na biyu a zaune take komawa ta fito da mahaifinta. Ba ta taɓa fasa leƙawar nan ba, ko bayan mun saba har muna cin abinci a gidajen juna. Da farko abin yana sosa mini rai. Daga baya na zo ina sauke mata gilashi da kaina don ta gani da kyau.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, dokar kare mai rauni ba don miyagu kaɗai aka yi ta ba. An yi ta har da irina, masu kyakkyawar zuciya da yarda da kai, waɗanda ba sa tambaya don sun riga sun sani. Yaro ko tsohon da ba zai iya cewa ga gidanmu ba, ba niyyarka ce take tsare shi ba, wanda ke zaune kusa da shi ne lokacin da ka juya baya. Yanzu in wani babba a coci ya ɓata rai don an ce ya nemi mutum na biyu, ya ce shi za a zarga, ba na musu da shi. Nakan ce masa ni ma ba wanda ya zarge ni a coci, kuma saura kaɗan mota ta taka Baba.